Kifayen-dodo na zurfin teku

Kifin-dodo suna ne da ake kiran wasu ƙananan kifaye mafarauta da ke rayuwa cikin duhun tsakiyar teku, waɗanda masana halittu suka haɗa a dangi ɗaya mai suna Stomiidae, ƙarƙashin rukunin Stomiiformes. Nau'o'insu sun kai kusan 300, kuma ana samunsu a tekunan Atlantika da Fasifik da Indiya, har da Bahar Rum. An yi musu laƙabin dodo saboda kamanninsu: dogon jiki baƙi kamar na maciji, wawakeken baki cike da fiƙoƙi, da wani zare mai haske da ke lilo a haɓa. Wanda ya ga hotonsu zai ɗauka wasu ƙattai ne masu haɗiye mutum. Gaskiyar ita ce yawancinsu ba su wuce santimita 15 zuwa 25 ba, kuma manya a cikinsu, irin su Opostomias micripnus, kusan rabin mita ne. Akwai wasu kifaye dabam da su ma ake wa laƙabin dodo, kamar na tekun Antatika, amma ba danginsu ɗaya ba.

Inda suke zama

Daga zurfin mita 200 zuwa 1,000 hasken rana ya yi rauni ƙwarai, ba ya isa tsiro ya rayu. Daga mita 1,000 zuwa ƙasa kuwa duhu ne ƙirin. A tsakanin nan ne mafi yawan kifayen-dodo ke rayuwa, suna shawagi a sararin ruwa, ba ƙasa ba sama, babu dutse ko ciyawar da za a laɓe a bayanta. Ruwan sanyi ne da shi, a wurare da dama bai fi digiri 4 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyos ba, kuma a kowace mita goma ta zurfi matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa.

Babbar matsalar wurin ita ce yunwa. Abincin teku a sama ake samar da shi, inda rana ke haskawa, kuma kaɗan ne ke gangarowa. Saboda haka da yawa daga cikin halittun wannan yanki sukan hauro sama da dare su ci, su koma ƙasa kafin gari ya waye. Yawansu ya kai har a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu na'urorin da jiragen ruwa ke amfani da su wajen auna zurfi da amon sauti suka riƙa nuna su kamar ƙasan teku ne, ƙasan da ke tashi da dare ya sauka da rana. Kifayen-dodo da dama suna bin wannan ayari suna farautarsa. Abincinsu mafi yawa ƙananan kifaye masu fitilu ne na dangin Myctophidae, sai jatan lande da makamantansu. Su ma manyan kifaye kamar tuna, da wasu dabbobin teku masu shayarwa, suna cinye su idan sun ci karo.

Rabe-rabensu

An saba raba dangin zuwa gida shida. Akwai Stomiinae masu zanen ɓawo mai kusurwa shida a gefen jiki, kamar Stomias boa da Antoine Risso ya bayyana a 1810 daga Bahar Rum. Akwai Chauliodontinae, masu fiƙoƙi irin na kububuwa. Akwai Astronesthinae, da Idiacanthinae, da Malacosteinae masu sakakken muƙamuƙi. Gidan da ya fi kowane yawa shi ne Melanostomiinae, baƙaƙe marasa ɓawo, inda jinsin Eustomias kaɗai ya haura nau'i 100. Abin da ke bambanta yawancin nau'o'in Eustomias shi ne siffar zaren haɓarsu: wani mai ƙullutu ɗaya a ƙarshe, wani biyu, wani mai rassa kamar saiwa. Idan zaren ya tsinke a cikin raga, sau da yawa mai bincike ya rasa hanyar gane wane ne a hannunsa.

Baki da haƙora

Wanda ba ya samun abinci kullum ba ya wasa da shi idan ya samu, kuma duk ginin kan kifin-dodo a kan haka yake. Haƙoransa dogaye ne, sirara, masu tsini kamar allura, wasunsu suna lanƙwashewa ciki idan abinci zai wuce amma ba sa barinsa ya dawo. A Chauliodus sloani, wanda Bloch da Schneider suka bayyana a 1801, fiƙoƙin ƙasa sun yi tsawon da ba sa shiga baki. Idan ya rufe shi sai su tsaya a waje, su miƙe har kusa da idanu.

Wuyansa ma abin kallo ne. A yawancin kifaye ƙashin baya yana manne da ƙoƙon kai kam. A kifayen-dodo akwai rata tsakanin ƙoƙon kai da ƙashin farko na baya, inda babu komai sai wata igiya mai laushi. A 2017 Nalani Schnell da David Johnson sun nuna cewa a wasu jinsuna wannan wuri ya zama gaɓa ta sosai: idan kifin yana hutawa igiyar takan naɗe a bayan kai, idan ya kai cafka sai ta miƙe, kai ya ɗaga baya, baki ya wage har kusan digiri 120. Cikinsa kuma yana buɗewa, don haka yana iya haɗiye kifin da ya kai rabin tsawonsa ko fiye, ɗungurungum.

Malacosteus ya wuce nan. Muƙamuƙinsa na ƙasa ba shi da fata a tsakiya ko kaɗan, ƙasusuwa biyu ne kawai da wani siririn zaren tsoka da ya haɗa su da maƙogwaro, ana iya leƙawa ta ƙasa a ga sama. Masana suna ganin amfanin haka shi ne ruwa ba ya tare muƙamuƙin idan ya harba shi gaba, kamar yadda ya fi sauƙi a ja zobe cikin ruwa a kan a ja kwano.

A 2019 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego suka duba haƙoran Aristostomias scintillans, wani kifi mai kusan santimita 15. Haƙoran garau suke kamar gilashi. Sun gano cewa ƙwayoyin ma'adinin da suka gina haƙorin ƙanana ne ainun, wajen nanomita 20 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), kuma babu ƙananan bututun nan da ke cikin haƙorin mutum, waɗanda ke warwatsa haske su sa shi ya yi fari. Sakamakon shi ne haske yana ratsa haƙorin ba ya dawowa. Bakin na iya kasancewa a buɗe a gaban abin farauta, shi kuwa bai ga komai ba.

Fitilun jiki

Kifayen-dodo da kansu suke samar da haskensu ta hanyar haɗuwar sinadarai a cikin ƙwayoyin jikinsu, ba kamar wasu kifayen zurfin teku da ke ajiye ƙwayoyin bakteriya masu haske a jiki ba. Fitilun iri-iri ne, kowace da aikinta. Ta ƙarshen zaren haɓa ana ɗaukarta a matsayin koto, kamar na bakin ƙugiya: ƙaramin kifi ya hango ɗigon haske ya zaci abinci ne, ya matso. A wasu nau'o'in zaren ya ninka tsawon jikin kifin sau da yawa. Chauliodus kuwa a baya yake ɗauke da nasa koton, a kan wata doguwar ƙaya ta fiffiken gadon bayansa da ke iya lanƙwasowa gaban baki.

Sai layuka biyu na ƙananan fitilu a kowane gefe na ciki, daga maƙogwaro zuwa wutsiya. Aikinsu ɓoyewa ne, duk da cewa da farko abin yana kama da akasin haka. Mafaraucin da ke ƙasa yana kallon sama, inda ɗan sauran hasken rana ke saukowa, yana neman inuwar duk abin da ya gitta. Kifin da ya haska cikinsa daidai da ƙarfin hasken da ke zuwa daga sama ya shafe inuwarsa ke nan. Akwai kuma fitila a bayan ido, wadda a nau'o'i da yawa ta fi girma a jikin namiji, abin da ke nuna tana da hannu wajen neman juna.

Jan haske

A nan ne wasu 'yan jinsuna uku, Malacosteus da Aristostomias da Pachystomias, suka yi fice. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a mitocin farko na sama, shuɗi ne kaɗai ke kaiwa nesa. Don haka kusan duk halittun zurfin teku shuɗin haske suke fitarwa, shi kuma idanunsu ke gani, mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launin haske da wani) wajen nanomita 470 zuwa 490. Wannan ne ma ya sa jatan lande da yawa na can jajaye ne: jan abu a ƙarƙashin shuɗin haske baƙi yake zama, wato ya ɓace.

Waɗannan kifaye uku suna da wata fitila a ƙarƙashin ido da ke fitar da jan haske, wanda a Malacosteus ya wuce nanomita 700, dab da iyakar abin da idon mutum ke iya gani. Kuma suna ganinsa. Ke nan suna yawo da tocilar da ba mai ganinta sai su: ta haska jan jatan lande ya fito fili, shi bai san an haska shi ba, mafarautan da ke kusa ma ba su sani ba. Hasken ba ya zuwa nesa, amma ya isa a duba abin da ke gaban baki.

Yadda suke ganinsa ya bambanta. Aristostomias da Pachystomias suna da ƙarin sinadaran gani a ido da suka karkata zuwa ja. Malacosteus niger, wanda William Ayres ya bayyana a 1848, wata hanya ya bi da ba a saba gani a dabba mai ƙashin baya ba. A 1998 Ron Douglas da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa a cikin idonsa akwai wani sinadari da ya samo asali daga kulorofil, irin wanda tsirrai da wasu bakteriya ke kama hasken rana da shi. Shi ne ke kama jan hasken ya miƙa wa sinadaran gani. Da aka buɗe cikin wannan kifi mai baki kamar tarko, sai aka tarar mafi yawan abin da ke ciki ƙananan halittu ne dangin jatan lande da ake kira kofifod, masu tsawon 'yan milimita. Ana kyautata zaton daga gare su yake samun sinadarin. Shi kuma ba ya hawa sama da dare kamar 'yan'uwansa, yana zaune tsakanin mita 500 zuwa 1,000.

Baƙar fata

A wurin da kowa ke kunna fitila yana neman kowa, ɗan ƙyalli kaɗan ya isa ya tona asiri. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda Alexander Davis da Karen Osborn da Sönke Johnsen ke cikin masu shi, ya sami nau'o'in kifi 16 da fatarsu ke mayar da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na hasken da ya faɗa mata, kuma Idiacanthus antrostomus na tekun Fasifik yana cikinsu. Ƙwayoyin baƙin launi a fatar a cushe suke, ba rata, kuma siffarsu tana karkatar da hasken da bai shanyu ba zuwa ga maƙwabtansu har ya ƙare. Masu ɗaukar hoto sun sha fama da su, ko an haska su da fitila mai ƙarfi sai a sami baƙin zane kawai. Bangon cikinsu ma baƙi ne, don kada abincin da aka haɗiye yana haske ya riƙa nunawa ta waje.

Sauran jikin kuwa na tsimi ne. Ƙasusuwa marasa nauyi, tsoka mai ruwa-ruwa, kuma manyan da yawa ba su da jakar iskar da sauran kifaye ke daidaita nutsonsu da ita, abin da ke sauƙaƙa hawa da sauka ba tare da canjin matsi ya dame su ba.

Haihuwa da girma

Suna zuba ƙwai a ruwa, ƙwan ya taso sama, 'ya'yan su ƙyanƙyashe a inda abinci ya fi yawa. Jariran garau suke, ba launi, sai sun girma su yi baƙi, fitilu su fito, su gangara.

Idiacanthus ne ya fi ba da mamaki. Macen takan kai santimita 40, baƙa, da haƙora da zaren haɓa. Namijin bai fi santimita 5 ba, launin ƙasa-ƙasa, ba haƙora, ba zare, hanjinsa ma ba ya aiki. Ba ya cin komai bayan ya balaga, abin da ya tara tun yana ƙarami shi yake ƙonawa har ya sami mace. Jaririnsu kuma idanunsa a kan wasu dogayen sanduna suke, da kan kai kusan sulusin tsawon jikinsa, suna gajarcewa yayin da yake girma har idanun su zauna a kai. Bajamushe August Brauer, wanda ya yi nazarin kifayen da jirgin bincike Valdivia ya kwaso a tafiyarsa ta 1898 zuwa 1899, ya ɗauka wani jinsi ne dabam, ya raɗa masa suna Stylophthalmus. Sai a 1934 William Beebe ya jera matakan girman ya nuna cewa ɗan Idiacanthus ne.

Ganinsu a raye

Mafi yawan abin da aka sani game da su daga gawarwakin da raga ta jawo ne, galibi fata ta saluɓe, zare ya tsinke. Beebe na cikin mutanen farko da suka gan su a gidansu. Shi da Otis Barton sun riƙa nutso kusa da tsibirin Bamuda cikin wata ƙwallon ƙarfe mai ƙananan tagogi, rataye da igiya daga jirgi, har suka kai mita 923 a 1934. A wani nutso na 1932 Beebe ya ce ya ga wasu kifayen-dodo guda biyu masu tsawon kusan mita biyu, da layin shuɗayen fitilu a gefe, har ya ba su suna Bathysphaera intacta. Ba a taɓa kama irinsu ba, kuma masana da yawa suna ganin ido ne ya ruɗe shi a cikin duhu ta ƙaramar taga.

Yanzu na'urori masu nutso da ake sarrafawa daga jirgi ne ke ɗauko hotunansu. A 2022 cibiyar binciken teku ta MBARI da ke Kalifoniya ta ɗauki bidiyon Bathophilus flemingi a yankin mashigin Monterey, jikinsa na sheƙi kamar tagulla. Cibiyar ta ce a fiye da shekara talatin da ta yi tana nutso, sau huɗu kacal ta ci karo da wannan nau'in.