Shin da gaske an hana ɗaliban yeshiba hutu a Isra'ila?

Kwana biyun nan ina ta ganin ana yawo da maganar wai gwamnatin Isra'ila ta soke hutun ɗaliban yeshiba, wato makarantun addinin Yahudawa, wai duk wanda ya bar makaranta ya tafi gida kama shi ake yi. Jama'a ba haka abin yake ba, abu biyu aka cakuɗa.

Shi hutun suna ce masa bein hazmanim, wato tsakanin zanguna, kuma ba gwamnati ce ta kafa shi ba balle ta soke, al'adar makarantun ce tun suna Turai. Sau uku ne a shekara bisa kalandar Yahudawa, watan Nisan gaba ɗaya saboda idin Pesak (idin da ba sa cin burodi mai yisti), sati uku bayan azumin 9 ga watan Av, sai daga Yom Kippur, babbar ranar azuminsu, zuwa ƙarshen watan Tishri. Ni dai ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yaro ɗan shekara 18 tun sassafe har dare yana kan Talmud, littafin shari'ar addininsu, su biyu-biyu, wannan na karantawa wancan na ja masa da ƙarfi, zangon hunturu kuma wata biyar cur ake yi, to in bai sarara ba ai ƙwaƙwalwa sai ta cushe. A hutun ne yake komawa ya taya uwarsa share gida kafin Pesak, a bi lungu-lungu ana kakkaɓe burbushin burodi, wasu kuma su cika mota da fararen rigunansu da baƙaƙen wanduna su nufi tafkin Galili. Da yawa ma da safe suna ɗan karatu a majami'ar unguwa.

Abin da ya canza shi ne maganar aikin soja na dole. Tun 1948 Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ya ɗaga wa ɗalibai kusan 400 ƙafa daga shiga soja, a 1977 gwamnatin firaminista Begin ta cire iyakar adadin, sharaɗin dai karatu ne sana'arka, awa 45 a sati, ba ka wani aiki. Hutu bai taɓa karya wannan sharaɗin ba. Dokar ɗagin ƙafar ce wa'adinta ya ƙare a Yunin 2023, sai ranar 25 ga Yuni 2024 alƙalai tara na kotun ƙoli baki ɗaya suka ce dole a ɗauke su soja, a kuma daina ba makarantu kuɗi a kansu.

To nan ne inda mutane ke ruɗewa. Ba don ka tafi hutu ake kama ka ba, takardar kira ce ake aiko maka, in ka yi biris aka sake aikowa ka sake yin biris, sai a fitar da umarnin kamu, a hana ka fita ƙasar, daga baya a rubuta ka cikin masu gudun aikin soja, hukuncin kan kai ga zaman gidan yarin soja. Wanda ke cikin makaranta da wanda ke gida matsayinsu ɗaya a doka. Sai dai lokacin hutu ne suke fitowa, su je filin jirgin Ben Gurion, su haɗu da 'yan sanda a hanya, shi ya sa kamen ke zuwa daidai lokacin har ake ɗauka hutun ne laifin.

Gaskiya ina jin ƙorafin iyayen da 'ya'yansu ke yin fiye da shekara biyu da rabi a soja alhali sa'anninsu na zaune a makaranta. Amma tare yaro a filin jirgi bayan 'yan siyasa sun kwashe shekaru sun kasa rubuta doka tsayayya, wannan bai kwanta min ba.

Ɗaliban da suka zo daga Amurka ko Ingila karatu, waɗanda ba 'yan ƙasa ba, abin bai shafe su ba. Sai fa wanda uwarsa ko ubansa ɗan Isra'ila ne, shi ko a waje aka haife shi doka na iya lissafa shi ɗan ƙasa, gara ya bincika matsayinsa kafin ya yanki tikiti.