Tunawa da Zance a Aikin Haɗin Gwiwar Ɗan Adam da Mutum-mutumi

Wannan wani reshe ne na kimiyyar kwamfuta da ke nazarin yadda mutum-mutumi mai sarrafa kansa zai riƙe abin da ya gudana tsakaninsa da mutumin da suke aiki tare, ya kuma yi amfani da shi a lokacin da suke magana. Fagen ya tattaro maƙera na'urori da masana halayyar ɗan Adam da masana harshe, kuma da yawa daga cikin tubalansa daga kundayen digirin digirgir suka fito. Babban taron shekara-shekara kan hulɗar mutum da mutum-mutumi, wanda ƙungiyoyin masana kwamfuta da injiniyoyi na ACM da IEEE ke shiryawa, an fara shi ne a 2006 a birnin Salt Lake City na Amurka.

Tushen matsalar

Maganar wurin aiki gajeriya ce, da yawa daga cikinta ma ba a furtawa. A wurin casar shinkafa a Kura, mai inji zai ce wa yaronsa, "Kawo na jiyan nan, ba na Alhaji ba," yaro ya juya ya ciccibo buhun da ake nufi bai ce uffan ba. Ya san shansherar da aka sauke jiya, ya san wane Alhaji ne cikin alhazan da ke kawo kaya, ya san inda aka jingine na kowa. Da za a ajiye mutum-mutumi a wurin, ko da ya ji kowace kalma tsaf, jimlar ba za ta amfane shi ba sai in jiya yana nan, ya gani, ya adana, yau kuma ya iya zaƙulo wannan abu ɗaya daga cikin dubban abubuwan da ya adana. Adanawar ba ta da wuya, kwamfuta ta fi kowa iya ta. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen abin da za a tuno, da sanin abin da abokin aiki ya riga ya sani.

Asali

Tsakanin 1968 da 1970 Terry Winograd, yana ɗalibin digirin digirgir a jami'ar MIT, ya rubuta manhajar SHRDLU. Duniyarta 'yar ƙarama ce: tubala masu launi da akwati da wani hannu mai ɗauka, duk a allon kwamfuta. Mutum zai rubuta umarnin a ɗauki babban jan tubali, daga baya ya ce a saka "shi" a akwati, manhajar ta gane abin da ake nufi domin tana riƙe da zancen baya. Har ana iya tambayarta dalilin da ya sa ta motsa wani abu, ta amsa. Sai dai da an fita daga duniyar tubalan, ba ta san komai ba.

A 1996 J. Edward Colgate da Michael Peshkin na jami'ar Northwestern suka ƙirƙiro na'urar da za ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikaci, maimakon a killace ta a keji kamar yadda aka saba a masana'antu. Kamfanin Universal Robots na ƙasar Denmak ya fara sayar da irinta a 2008. A MIT kuma Cynthia Breazeal ta kammala digirinta a 2000 da Kismet, wani kan mutum-mutumi mai idanu da gira da kunnuwa, wanda aka gina don ya karɓi zance ya mayar da murya da yanayin fuska.

Rabe-raben tunawa

Masu ƙera na'urorin sun aro rabe-rabensu daga masana ƙwaƙwalwa. Endel Tulving a 1972 ya raba tunawa da aukuwa, wato abin da ya faru a wani wuri a wani lokaci, da sanin abu a dunƙule. Sanin cewa riɗi ba ya son laima ilimi ne a dunƙule. Tuna cewa ruwa ya taɓa buhun da ke bakin ƙofa ranar Talata aukuwa ce. Alan Baddeley da Graham Hitch kuma a 1974 suka bayyana ɗan ƙaramin ma'ajin da mutum ke riƙe abin da yake kai a halin yanzu. An shigar da waɗannan cikin tsare-tsaren kwamfuta masu kwaikwayon tunanin ɗan Adam, irin su Soar da ACT-R.

Mantuwa ita ma aiki ce da sai an tsara ta. Kaya na motsawa, mutane na canja shawara, abin da yake gaskiya da hantsi kan zama ƙarya da la'asar. Mutum-mutumin da ya dage cewa sikeli na nan inda ya gan shi makon jiya ya fi wanda bai taɓa gani ba ɓata aiki, domin zai faɗa da tabbaci. Akwai kuma akasin haka: Michael McCloskey da Neal Cohen sun nuna a 1989 cewa manhajar da ke koyo ta hanyar kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa kan goge tsohon darasi kusan kakaf idan aka ɗora mata sabo.

Yadda zance ke gajarta

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a nan na Herbert Clark da Deanna Wilkes-Gibbs ne, na 1986. An zaunar da mutum biyu da shamaki a tsakaninsu, kowa da siffofi 12 marasa suna, ɗaya na kwatantawa ɗaya na jerawa, har zagaye shida. A zagayen farko mai kwatance kan kashe kalmomi 41 a kan siffa guda. A na shida sun koma takwas. Siffofin ba su canja ba. Mutanen ne suka raɗa musu sunaye tsakaninsu, suka kuma tabbatar kowa ya karɓa. Wannan tabbatarwar, da "to" da "na'am" da gyaɗa kai da "wanne, wancan?", ita ce Clark da Susan Brennan suka yi wa cikakken bayani a 1991. Darasin ga maƙera shi ne, mutum-mutumin da ke neman cikakken kwatance a rana ta goma kamar ranar farko, mutane za su gaji da shi komai ƙarfinsa.

Lokaci ma matsi ne. Binciken Tanya Stivers da abokan aikinta na 2009 a harsuna 10 ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kan tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Na'urar da za ta saurara, ta fahimta, ta binciko ma'ajinta sannan ta amsa, sau da yawa takan zarce haka, mutum ya ɗauka ba a ji shi ba ya maimaita, maganganun su yi karo.

Sai kuma abin da Daniel Wegner ya bayyana a tsakiyar shekarun 1980: mutanen da suka daɗe tare sukan raba tunawa, wannan ya riƙe lissafi, wancan ya riƙe fuskokin masu kaya, kowa ya san wa zai tambaya. Ana binciken ko mutum zai yarda ya bar wa na'ura wani kaso, da abin da ke faruwa ga yardar ranar da ta yi kuskure.

Hanyoyin bincike

Tun da gina na'urar da ta iya komai na cin shekaru, ɗalibai kan yi amfani da dabarar da ake kira Wizard of Oz, wadda John F. Kelley ya raɗa wa suna wajen 1980 yana aikin digirinsa a jami'ar Johns Hopkins. Mai bincike na ɓoye a wani ɗaki yana sarrafa maganar mutum-mutumin, wanda ake gwajin da shi kuwa ya ɗauka na'urar ce ke tunani da kanta. Akan kwatanta rukuni biyu, ɗaya da na'ura mai tunawa ɗaya da mai mantuwa, a auna lokacin gama aiki da yawan kuskure da gajiyar tunani da yarda.

Raunin hanyar a fili yake. Akasarin gwaje-gwajen zama ɗaya ne, da ɗaliban jami'a, alhali tunawa sai da kwanaki take nuna amfaninta. Takayuki Kanda da abokan aikinsa sun kai mutum-mutumi Robovie wata firamare a Japan na mako biyu, yana gane yara da 'yar alamar da aka rataya musu yana kiran sunayensu. Rahotonsu na 2004 ya nuna an yi masa dafifi da farko, a mako na biyu sha'awar ta yi sanyi.

Manyan manhajojin harshe, wato waɗanda aka horar da ɗimbin rubutu har suke iya tsara magana, sun sauya fagen. A 2022 kamfanin Google ya nuna tsarin SayCan, inda manhaja ke warware umarnin baki zuwa matakan da mutum-mutumi zai iya aiwatarwa. Amma irin waɗannan manhajoji suna da iyakar abin da suke riƙewa a zance guda, kuma sukan ƙaga abin da bai faru ba su faɗe shi kamar sun shaida.

Batun Hausa

Kusan duk abin da aka ambata da Ingilishi ko Japananci aka yi shi. Google Translate ya shigar da Hausa a 2013, shirin Common Voice na Mozilla na tattara muryoyin Hausawa, ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP na gina rumbunan rubutu, an kuma buɗe cibiyar ƙasa ta ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020 a ƙarƙashin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. Duk da haka rubutun boko ba ya nuna karin sauti, kuma da karin sauti ake bambance "nan" na kusa da mai magana da "nan" na kusa da mai sauraro, abin da mai miƙo kaya ba zai yi aiki ba sai da shi. Mudu da tiya da kwano ma girmansu na bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka sai na'ura ta tuna da awon wane gari wannan mutumin ke magana.

Alkunya ta fi duka wuyar tsarawa. A ƙauyukan Kano da Jigawa uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, mata da yawa ba sa kiran sunan miji. "Malam", "maigidan" ko "shi" kawai za a ji. Dole na'ura ta gane wanda ake nufi, ta kuma san cewa bai kamata ta mayar da sunan ɓaro-ɓaro ba. Haka bashin da manomi ya ambata a keɓe, ba a tuna masa shi a gaban baƙi. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar ya ga abin da aka adana game da shi, ya nemi a gyara ko a goge, kuma murya da hoton fuskar da mutum-mutumi ke ɗauka a wurin aiki suna cikin bayanan da ta shafa.