Ƙyallin haske a ƙarƙashin ƙasa: wa ya ce na ɓoyayyen abu ne?

Me na'urorin da masana suka binne a ƙarƙashin ƙasa don farautar ɓoyayyen abu, wato "dark matter" a Turance, suke gani a zahiri?

Ba sa ganin ɓoyayyen abin nan da masana suka ce nauyinsa ya ninka na duk kayan da muka sani a sararin samaniya kusan sau 5. Ɗan ƙyallin haske kawai suke kamawa, idan wani abu ya bangaji cibiyar ƙwayar zarra. Na'urar LZ, mai tan 7 na ruwan zinon (wata iska ce mai nauyi da aka sanyaya har ta zama ruwa), tana binne a tsohuwar mahaƙar zinariya a Dakota ta Kudu, Amurka, tana dakon wannan ƙyalli.

To, yaya ake fassara ƙyallin?

Sai an ɗora shi kan zato biyu. Na farko: ɓoyayyen abin ya lulluɓe gungun taurarinmu kamar hazo, rana kuma tana ratsa shi da gudun da ya haura kilomita 200 a daƙiƙa. Na biyu: yadda yake karo da cibiyar. Lissafin da aka fi dogara da shi ya ce duk cibiyar da ta fi nauyi ta fi saurin shan bangaza, shi ya sa ake rububin zinon, don cibiyarsa na da nauyi. Canza zato ɗaya, ma'anar sakamakon ta canza.

Ba an taɓa cewa an gano shi ba?

An ce. Mai babur cikin ruwan sama ya san in ya ƙara wuta, ruwan ya fi dukan fuskarsa. Haka duniya: a farkon Yuni gudunta yana haɗuwa da na rana, a Disamba yana ragewa, don haka ya kamata ƙyallin ya riƙa hawa da sauka duk shekara. Gwajin DAMA a Gran Sasso, Italiya, mai amfani da lu'ulu'un sinadaran sodiyam da ayodin maimakon zinon, ya fi shekara 20 yana ba da rahoton hakan. Amma na'urorin zinon shiru. Masu lissafi suka yi ta gyaran zato, wai ƙila abin ya fi son sodiyam da ayodin a kan zinon. A ganina kwaskwarimar ta yi yawa. Daga baya ANAIS-112 a Sifen da COSINE-100 a Koriya ta Kudu suka gwada da irin lu'ulu'un DAMA ɗin, ba su ga hawa da saukar ba.

Me kuma ke iya ruɗar na'ura?

Ƙazanta. A 2020 wata na'urar zinon mai suna XENON1T ta ga ƙyallin da ya wuce lissafi, aka yi ta rubuce-rubuce. A 2022 magajiyarta XENONnT, wadda ta fi ta tsafta, ta duba ba ta ga komai ba. Ɗan burbushin tiritiyam, wani nau'in haidurojin mai fitar da tururin nukiliya, aka fi zargi da ruɗar XENON1T.