Bahon Wanka

Bahon wanka babban mazubi ne da ake cika shi da ruwa, mutum ya shiga ya zauna ko ya miƙe ƙafa a ciki ya yi wanka.

Tarihi

Daga cikin tsofaffin bahon da aka tono akwai na yumɓu da aka samu a fadar Knossos da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wanda masana ke kyautata zaton ya kai shekara 3,500. Romawa kuwa sun fi karkata ga gidajen wankan jama'a. A Turai an daɗe ana wanka a bahon katako ko na jan ƙarfe, ana ɗebo ruwan zafi da bokiti ana zubawa, aikin da sai mai barori ke iya ɗauka kullum. A cikin baho ne wata mata mai suna Charlotte Corday ta kashe ɗan juyin juya halin Faransa, Jean-Paul Marat, a 1793. Ciwon fata ne ya sa yake yini a ruwa, har rubutunsa a nan yake yi.

Babban sauyi ya zo a ƙarshen ƙarni na 19, da aka gano yadda za a shafe zubabben ƙarfe da wani sinadari mai santsin tangaram, wanda ba ya tsatsa kuma yana wankuwa da sauƙi. A 1883 John Michael Kohler na jihar Wisconsin a Amurka ya yi wa wani kwamin shayar da dabbobi wannan shafe, ya sa masa ƙafafu huɗu, ya sayar da shi a matsayin baho. David Buick, wanda daga baya ya kafa kamfanin mota, shi ma ya yi irin wannan aiki a Detroit. Labarin cewa shugaban Amurka Millard Fillmore ne ya fara sa baho a fadar White House ƙirƙira ce ta ɗan jarida H. L. Mencken a 1917, amma abin takaici har yau ana maimaita shi.

Ƙira da amfani

Yawancin na yanzu na roba ne mai ƙarfi, ba nauyi, da magudana a ƙasa da wata ƙaramar kafa a sama don kada ruwa ya malala. Iyalan Jacuzzi na Amurka sun fito da mai feso ruwa a 1968. Na Japan, ofuro, gajere ne mai zurfi, kuma sai an cuɗa jiki an ɗauraye a waje kafin a shiga. Ana kuma amfani da baho wajen yi wa jarirai wanka da gasa gaɓoɓi masu ciwo.