Zawarcin 'Yan Wasa a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Zawarcin 'yan wasa shi ne tsarin da jami'o'in Amurka ke bi wajen zaƙulo ɗaliban sakandare masu buga ƙwallon Amurka, wasan nan da ake runguma ƙwallo a hannu ana ture-ture da kayar da juna, su auna su, su janyo su da gurbin karatu kyauta, sannan su raine su har su zama gwanaye. A ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani, kulob ne ke rainon yaro tun yana ƙarami. A Amurka kuwa jami'a ce ke wannan aiki, domin babbar gasar ƙwararru ta NFL ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya cika shekara uku da gama sakandare. Kimanin yara miliyan ɗaya ne ke buga wasan a makarantun sakandare, alhali jami'o'in babban rukuni, wanda ake kira FBS, ba su wuce 130 da 'yan kai ba, kuma kowacce bisa al'ada yara ashirin da wani abu take ɗauka a shekara. Ƙofar ƙarama ce, shi ya sa harkar ta zama sana'a mai zaman kanta da ke cinye miliyoyin daloli.

Asali da dokoki

An buga wasan farko tsakanin jami'o'i ranar 6 ga Nuwamba 1869, tsakanin Rutgers da Princeton. Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i an kafa ta a 1906, bayan mace-macen 'yan wasa a fili sun tayar da hankalin jama'a har Shugaba Theodore Roosevelt ya sa baki, ta kuma ɗauki sunan NCAA a 1910. Kafin a sa iyaka, manyan jami'o'i kan kwashi yara fiye da bukatarsu, wani lokaci don kawai kada su faɗa hannun abokan hamayya. A 1973 aka taƙaita guraben karatu kyauta zuwa 105 ga kowace ƙungiya, daga baya 95, sannan 85 a farkon shekarun 1990, adadin da ya tsaya har 2025.

Shekaru da dama babban laifi a harkar shi ne bai wa ɗan wasa kuɗi. Jami'ar SMU da ke Dallas ta ɗanɗana hukunci mafi tsanani a 1987, lokacin da aka soke mata kakar wasa ɗungurungum saboda attajiran magoya bayanta suna biyan 'yan wasa a ɓoye, kuma ta yi shekaru masu yawa kafin ta farfaɗo. Akwai kuma sharaɗin karatu: yaro sai ya kammala darussa 16 da NCAA ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kafin ya buga wasa a shekararsa ta farko.

Yadda ake zawarcin

Aikin yana farawa ne daga bidiyo. Yawancin yara kan tattara mafi kyawun wasanninsu su ɗora a manhajar Hudl, wadda aka kafa a Nebraska a 2006. Gogaggen koci ba ya ruɗuwa da wannan gajeren bidiyo, domin yaro da kansa ya zaɓi abin da ya sa a ciki. Cikakken wasa yake nema, ya ga yadda ƙaton da ke tare gaba yake lanƙwasa gwiwa da ƙugu, inda yake ɗora hannuwansa a ƙirjin abokin karawa, da abin da yake yi idan ƙwallo ta bi ɗaya gefen filin yana zaton babu mai kallonsa. Daga nan sai sansanin bazara, inda ake sa yaro ya tuɓe takalmi a auna tsawonsa, a miƙe hannuwansa a auna, a ɗora shi kan sikeli, a sa shi gudun yadi 40, wato kimanin mita 36 da rabi. Jihohin Texas da Fulorida da Jojiya da Kalifoniya su ne kan gaba wajen samar da yara, don haka kociyoyi daga ko'ina can suke tururuwa.

NCAA ta raba shekara zuwa lokuta: akwai wanda koci zai iya zuwa gidan su yaro, akwai wanda kallo kawai zai yi, akwai kuma wanda ba a yarda su haɗu ido da ido ba sam. A ziyarar da jami'a ke ɗaukar nauyi, ana kai yaro da iyayensa su yi kwana biyu, a zaga da su ɗakin motsa jiki da ɗakunan karatu, a sa masa rigar ƙungiya a ɗauke shi hoto. A da ziyara biyar kawai aka yarda wa yaro, amma a 2023 aka cire wannan iyaka. Alkawarin baki da yaro ke yi ba ya ɗaure kowa, shi ko jami'ar na iya janyewa. Sa hannu ne ke rufe magana. Ranar gargajiya ita ce Larabar farko ta Fabrairu, sai dai tun 2017 da aka buɗe wani lokacin a Disamba, mafi yawan manyan yara a nan suke sa hannu. Akan jera hulunan jami'o'i uku ko huɗu a kan tebur a ɗakin wasannin makaranta, yaro ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya kifa a ka. A Disamban 2021 Travis Hunter, wanda ake ɗauka na ɗaya a ajinsa, ya bar Florida State da ya yi wa alkawari ya zaɓi ƙaramar jami'ar Jackson State, inda Deion Sanders yake koci a lokacin, abin da ba a saba gani ba.

Taurari

Kamfanoni masu zaman kansu, irin su Rivals da 247Sports da ESPN da On3, ke ba yara daraja da taurari, daga biyu zuwa biyar. A tsarin 247Sports yara 32 ne ke samun biyar a shekara, daidai da yawan waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen NFL, wato taron shekara-shekara da ƙungiyoyin ƙwararru ke ɗaukar sababbin 'yan wasa daga jami'o'i bi da bi. 'Yan ɗaruruwa ke samun huɗu, ragowar kuma uku ne ko ƙasa.

Ana yawan kushe taurarin nan, amma idan aka duba su a jimlace suna faɗin gaskiya. A 2013 marubucin wasanni Bud Elliott ya fito da wani lissafi mai sauƙi: a duba yaran da ƙungiya ta ɗauka cikin shekaru huɗu, a ga ko masu taurari huɗu da biyar sun kai rabi. Daga 2011 har kakar 2024 duk ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa ta cika wannan sharaɗi. Kofuna shida da koci Nick Saban ya ci a Alabama tsakanin 2007 da 2023 a kan haka suka ginu, domin kusan kowace shekara ajin da ya ɗauka yana sahun gaba. Sai dai akwai ƙulli a nan. Tayin babbar jami'a da kansa kan ɗaga darajar yaro a idon masu ba da taurari, kuma yaron da ya shiga Alabama ko Ohio State ya samu kociyoyi da abinci da likitocin da takwaransa na ƙaramar jami'a bai samu ba. Ba abu ne mai sauƙi a rabe abin da yaro ya zo da shi da abin da aka zuba masa ba.

Inda taurarin ke tuntuɓe shi ne kan mutum ɗaya ɗaya. Josh Allen ya gama sakandare a ƙaramin garin manoma na Firebaugh a Kalifoniya ba tare da wata babbar jami'a ta yi masa tayi ba. Ya shiga kwalejin shekara biyu ta Reedley, ya aika wa kociyoyi barkatai saƙon imel, Wyoming da Eastern Michigan kaɗai suka yi masa tayi. Ko a Wyoming, kashi 56 cikin ɗari na jifansa ne ke isa hannun abokan wasa, abin da ya sa masu bin alƙaluma suka yi ta gargaɗi a kansa. Ƙungiyar Buffalo ta ɗauke shi na bakwai a zaɓen NFL na 2018, kuma a kakar 2024 shi ne gwarzon NFL. Ezekiel Ansah ɗan Accra ya je jami'ar BYU karatu, bai taɓa buga wasan ba sai 2010, amma a 2013 shi ne na biyar a zaɓen NFL. Babu jerin sunayen da zai iya hango irinsa, tunda ba ya cikin waɗanda ake kallo tun farko.

Alƙaluma

Ƙididdigar wasannin sakandare tana da rauni, domin yaron da ya ruga yadi 2,000 a tsakanin ƙananan makarantu bai fuskanci abin da mai yadi 1,200 a manyan makarantun Dallas ya fuskanta ba. Lokacin gudu ma da agogon hannu yakan fito da sauri fiye da na na'ura. Shi ya sa kociyoyi da yawa suka fi amincewa da sakamakon tseren mita 100 da jifan dalma na gasannin makarantu, waɗanda alkalai suka tabbatar.

A matakin jami'a alƙaluman sun fi nauyi. A wasan, ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi goma. Cin yadi huɗu lokacin da yadi uku suka rage nasara ce, cin yadi huɗu a dama ta uku alhali goma suka rage kuwa faɗuwa ce, ko da yake a tsohon lissafi duka biyun yadi huɗu ne. Sababbin ma'aunai suna lura da wannan bambanci, suna ƙiyasta yawan makin da kowane motsi ya ƙara wa ƙungiya ko ya rage mata. Tsarin SP+ na Bill Connelly, mai auna ƙarfin ƙungiyoyi, yana haɗa irin wannan lissafi da ƙarfin abokan karawa da yawan gogaggun da suka dawo. Kamfanin PFF kuma tun 2014 yake sa ma'aikata su ba kowane ɗan wasan FBS maki a kan kowane motsi. A atisaye, 'yan wasa kan ɗaura ƙaramar na'urar GPS a tsakanin kafaɗu, tana nuna gudunsu da nisan da suka yi, don a san wanda ya gaji kafin ya ji ciwo.

Raino

Yaro ɗan shekara 17 ɗanyen kaya ne, kuma a nan ake gane kocin kirki. Doka ta daɗe tana ba ɗan wasa shekara biyar ya buga kaka huɗu, don haka akan ajiye sabon shiga shekara guda yana ɗaga ƙarfe yana haddace tsarin wasa, kuma daga 2018 aka yarda ya buga wasa har huɗu ba tare da shekarar ta ƙirgu ba. Sauya wa yaro gurbi a fili ma babban makami ne. J.J. Watt mai taurari biyu ya fara ne a Central Michigan a matsayin mai karɓar jifa. Ya ajiye gurbin karatunsa ya koma Wisconsin ba tare da tallafi ba, aka mai da shi mai tsaron gaba, daga baya ya zama gwarzon 'yan tsaron NFL har sau uku. Jami'o'i irin su Wisconsin da Iowa sun daɗe suna rayuwa da wannan haƙuri, su ɗauki mai taurari uku su sallame shi yana ƙwararre.

Sauya sheƙa da kuɗi

Wannan haƙurin ne sababbin dokoki suka girgiza. A Oktoban 2018 NCAA ta buɗe rumbun sauya sheƙa, inda ɗan wasa ke sa sunansa kowace jami'a ta iya nemansa. A 2021 aka daina tilasta wa mai sauya jami'a karon farko zaman shekara guda, a 2024 kuma aka sassauta wa masu maimaitawa. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wa NCAA hukunci a shari'ar Alston, kan iyakar da take sa wa tallafin karatun 'yan wasa, ba tare da alkali ko ɗaya ya saɓa ba, kuma daga 1 ga Yuli na shekarar 'yan wasa suka samu damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu. A Yunin 2025 alkaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya tanadi diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Biyan 'yan wasa adalci ne da ya daɗe da wajaba, tunda jikinsu ne ke cika filaye masu ɗaukar mutum 100,000. Amma tsarin ya bar wasu a rana. Koci da aikinsa ke rawa zai fi son ɗan shekara 21 mai bidiyon wasannin jami'a a kan yaron sakandare da sai an jira shi, kuma ƙaramar jami'ar da ta raini ɗan wasa takan wayi gari babba ta janye shi. Sulhun ya maye iyakar gurabe 85 da iyakar 'yan wasa 105 a ƙungiya, alhali a baya ƙungiyoyi da yawa na riƙe da kusan 120, kuma mafi yawan rarar masu shiga ba tare da tallafi ba ne, irin hanyar da Watt ya bi, da Baker Mayfield wanda ya ci lambar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i a 2017. Alkaliyar ba ta sa hannu ba sai da aka keɓe waɗanda ke cikin ƙungiyoyi a lokacin, aka ba jami'o'i damar ci gaba da riƙe su ba tare da an ƙirga su cikin 105 ɗin ba.