Mene ne fila, kuma me ake nufi da narkar da ita?

Fila wani abu ne mai kauri da yauƙi da ake turawa ƙarƙashin fata da allura, don a cike inda ya loɓa ko a ƙara wa wani sashe girma: leɓe, kumatu, haɓa, ƙasan ido, har da karan hanci. Da yawa kan ɗauka ita ce Botox, alhali aikinsu daban. Botox tsoka take kashe wa ƙarfi don kada fata ta tattare, ita kuwa fila cikowa ce kawai.

Galibin wadda ake yi a yau daga sinadarin hayaluronik asid take, wanda dama Allah Ya halitta shi a fatar mutum da gaɓoɓinsa, aikinsa riƙe ruwa. Restylane, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da ita a 2003, da Juvederm da ta biyo baya a 2006, duk dangin nan ne. Akan ce wa mutum jiki zai shanye ta cikin wata 6 zuwa 18, sai dai hotunan cikin jiki na na'urar MRI sun nuna tana iya yin shekaru a zaune, musamman a ƙasan ido.

Kumburi da taruwar jini a wurin allura ba abin tashin hankali ba ne, cikin mako ɗaya ko biyu suke bajewa. Abin da ya fi su shi ne ƙullutu da ake ji a ƙarƙashin yatsa, ko filar ta gangara daga inda aka ajiye ta, sai ka ga saman leɓe ya turo gaba. Idan an zuba ta kusa da saman fata, wurin kan yi shuɗi-shuɗi. Akwai kuma wanda ke zuwa a makare: bayan watanni, mura ta kama mutum ko ya je wajen likitan haƙori, kwatsam wurin ya kumbura, ya yi tauri, ya yi ja.

Babban haɗarin shi ne toshewar hanyar jini. Allura ta faɗa cikin jijiyar jini, filar ta shiga ta tsaya, jini ya daina kaiwa ga naman da ke gaba. Fatar takan yi fari fat nan take, daga baya ta yi dabbare-dabbare, ta yi sanyi. In an danna wurin da yatsa aka ɗaga, launinsa ba ya dawowa da wuri. Sau da yawa akwai zafi mai tsanani, amma kada a dogara da shi, domin yawancin fila tana haɗe da maganin kashe zafi. In aka yi sakaci, naman ya mutu, ya bar tabo. Tsakanin gira biyu, da hanci, da goshi sun fi ko'ina haɗari, saboda jijiyoyinsu na haɗe da na ido. Filar na iya komawa baya ta toshe jijiyar ido, gani ya ɗauke cikin daƙiƙoƙi, kuma da wuya ya dawo. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ko ƙwararru ya taɓa faruwa a hannunsu.

To, narkarwar fa? Wata allura ce ta sinadarin hayaluronidas, wanda ke tsinka filar gunduwa-gunduwa har ta zama ruwan da jiki zai kwashe. Ana sayar da shi da sunaye irin su Hylenex da Hyalase. Ya fara aiki nan da nan, cikin kwana ɗaya zuwa biyu an ga yawancin sakamakon, ko da yake tsohuwar fila ko mai tauri kan nemi a maimaita. In toshewar jijiya ce, ba a jira: ana zuba shi da yawa, a sake zubawa kusan duk bayan awa guda har jini ya dawo.

Ni dai ba na jin daɗin yadda ake cewa "ai in ba ki so sai a narkar", kamar goge kwalli. Allurar ba ta da awo, takan cinye fiye da abin da aka nufa, har ta taɓa hayaluronik asid na jikin mutum, ko da yake wannan yana sake tsirowa. Wasu jikinsu ba ya karɓarta, musamman wanda harbin zuma ke tayar masa da borin jini mai tsanani, don dafin zuma na ɗauke da irin sinadarin. Mai son a sake yi mata fila kuma sai ta jira kamar mako biyu.

Sannan hayaluronidas ba ya narkar da kowace fila sai ta hayaluronik asid. Sauran ire-iren fila, kamar Radiesse da Sculptra da Bellafill da ruwan silikon, duk ba ya narkar da su. In sun yi ƙullutu, sai allurar rage kumburi, ko jira, ko a kai ga tiyata. Shi ya sa kafin allura ta taɓa fuska ya kamata a ga kwalin filar da idon mutum, a ɗauki hoton sunansa da lambarsa, a kuma tambaya ko akwai hayaluronidas ajiye a ɗakin a wannan lokacin.