Kafin ka shiga gari da takardar tambayoyi: dokar bincike a kan lafiyar mutane a jami'o'in Najeriya

Ɗalibin digiri na biyu ya gama babi uku na kundinsa, malamin da ke duba aikin ya sa hannu, sai ya buga takardun tambayoyi ya nufi sashen awon ciki na wani asibiti, ko wani ƙauye da ya zaɓa. Da yawa daga cikin irin waɗannan ɗalibai, har da wasu malamansu, ba su san cewa tun daga lokacin da suka zaunar da mace ta farko suka fara tambayarta yawan haihuwarta, sun shiga hurumin doka ba. Takardu biyu ne ke mulkin wannan fage a Najeriya: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, musamman sashe na 31 zuwa na 34, da kuma Kundin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa wanda ya fito a 2007. Ta farko ta faɗi abin da ya kamata a fi ba muhimmanci da wanda zai sa ido. Na biyun shi ne ya shiga filla-filla.

Sashe na 31 ya ɗora wa Ministan Lafiya kafa kwamitin binciken lafiya na ƙasa, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar kuɗi da ƙarfin da ake kashewa a bincike sun tafi ga matsalolin da suka fi damun jama'a. Dokar ba ta bar kalmar muhimmanci a sake ba, ta ba da ma'auni: nauyin cutar a kan al'umma, ko maganin da ake nema zai biya kuɗin da za a kashe a kansa, ko akwai ma'aikata da kayan aikin da za su aiwatar da shi a matakin da ya fi kusa da masu fama, sai kuma buƙatun lafiyar al'ummar da kanta. Wannan na uku shi ne wanda masu rubuta neman tallafi suka fi tsallakewa. Binciken da sakamakonsa ba zai yi aiki ba sai a asibitin koyarwa mai injin da babu irinsa a jiha, ya faɗi a wannan ma'auni, komai kyan lissafinsa. Wanda zai nuna yadda ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin mazaɓa za ta gane hawan jinin mai ciki da wuri ta tura ta gaba, ya ci.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Arewa, ba sai an yi dogon nazari ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda Najeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Akwai mutuwar mata wurin haihuwa da yoyon fitsari, da tamowa, da sikila, da sanƙarau, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023. Akwai gubar dalma da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Akwai cutar noma mai cinye fuskar yara, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta, kuma sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Sai dai a fahimta: dokar ba ta haramta binciken da ba ya cikin waɗannan ba. Jagora ce ga inda kuɗin gwamnati zai karkata. Asusun binciken ƙasa na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, wanda malaman jami'a da yawa ke nema, ya kasa fannoninsa gida uku: kimiyya da fasaha, ilimin ɗan Adam da zamantakewa, da kuma wanda ya ratsa duka biyun. A ganinmu a gida na uku ne aikin da Arewa ta fi buƙata yake. Likita ya san abin da ke kashe mai naƙuda. Amma dalilin da ya sa take jure naƙudar fari ita kaɗai a ɗaki saboda kunya, ko me ya sa ake jiran mai gida ya dawo daga kasuwa kafin a nemi mota, ko matsayin ungozoma da wanzami da wankan jego da kunun kanwa a idon iyali, wannan aikin masanin zamantakewa ne da masanin harshe da al'ada da malamin addini. Kuma da zarar tambayarsu ta taɓa lafiyar mutum, ƙa'idar da ta hau kan likita ta hau kansu.

Duk wanda yake ganin waɗannan ƙa'idoji wahalar da mutane ne kawai, ya tuna 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, an ba rabi Trovan, rabi kuma wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 sun rasu, biyar daga ɓangaren Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka nakasa. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki sun yarda, kuma cutar ce ta yi kisan. Babu takardun amincewa masu sa hannu da za su raba gardama, kuma daga baya ta bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka gabatar, bayan gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Asarar da ta fi kuɗin ita ce ta amana: lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi.

Shi ya sa sashe na 32 ya yi magana ba kwana-kwana. Ba a bincike ko gwaji a kan mutum mai rai sai da amincewarsa a rubuce, bayan an sanar da shi manufar aikin da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. Idan yaro ne, sai da amincewar uwa ko uba ko mai riƙonsa a rubuce, kuma idan binciken na magani ne, dole ya kasance don amfanin yaron. Sashe na 33 ya kafa kwamitin ɗa'a na ƙasa, wanda aka fi sani da NHREC, kuma cikin mambobinsa har da lauya da wakilin Musulmi da na Kirista. Sashe na 34 ya ce duk cibiyar da ake binciken lafiya a cikinta, ko dai ta kafa nata kwamitin ɗa'a mai rajista da na ƙasa, ko ta jingina da na wata. Asibitocin koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da nasu. Ma'aikatun lafiya na jihohi ma suna da su, kuma wanda zai yi aiki a asibitin jiha yakan buƙaci izininsu ko da ya samu na jami'arsa. Idan gwajin magani ne ko allura, sai an haɗa da izinin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Abin da ake kai wa kwamitin ba shi da yawa: cikakken tsarin binciken, takardar amincewa da fassararta, takardar tambayoyi ko jagorar hira, taƙaitaccen tarihin aikin mai binciken, da shaidar ya yi horo a kan ɗa'ar bincike, wanda yanzu ana yinsa ta intanet. Kundin ɗa'ar ya ba kwamiti wata uku ya yanke hukunci daga ranar da ya karɓi cikakkun takardu, kuma idan ya wuce haka mai bincike na da damar kai kuka ga kwamitin ƙasa. Aikin da hatsarinsa kaɗan ne ana iya duba shi ta gajeriyar hanya ba sai duk mambobi sun zauna ba. Akwai ma wanda ake yafe masa, kamar nazarin bayanan da ba su ɗauke da sunan kowa, amma kwamiti ne ke faɗin an yafe, ba mai binciken ko malaminsa ba. Izinin ba na har abada ba ne, ana sake duba aikin aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan ka canza tambayoyi ko wurin aiki, sai ka koma ka sanar.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne takardar amincewa. Kundin ya ce kada ta wuce shafi takwas, kuma a rubuta ta da harshen da wanda ya tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare zai gane. Abin da aka saba gani shi ne a rubuta ta da Turanci, a miƙa wa wani ya juya ta Hausa a dare ɗaya. To, a nan kalmomi ke yin ɓarna. Kalmar bincike a kunnen mutumin ƙauye tana iya nufin abin da 'yan sanda ke yi idan sun shiga gida, sai ya tsorata ya ɓoye gaskiya. Kalmar gwaji kuwa, a asibiti awon jini ko fitsari take nufi, wato abin da ake yi don a gano ciwonka a ba ka magani. Idan ka ce wa uwa za a yi wa ɗanta gwaji, ta amince da awo ne, ba ta amince a jarraba sabon magani a jikinsa ba. Dole a faɗa mata a fili: "Baba, wannan maganin ba a gama sanin aikinsa ba, shi ne muke son mu gani. Wasu yara za a ba su shi, wasu a ba su wanda aka saba, kuma ba ni ke zaɓa ba, ƙuri'a ce. In kin ce a'a, za a duba ɗanki kamar kowa." Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin wanda ya zo asibiti da mara lafiya a kafaɗa, ganin farar riga kaɗai ya isa ya sa shi cewa to.

Hanyar da ta fi tsare mutum ita ce a ba wani na daban, wanda bai ga Turancin ba, ya mayar da fassarar zuwa Turanci a gwada su. Bayan an karanta wa mutum kuma, a roƙe shi ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Gyaɗa kai ba shaida ba ce. Wanda ba ya rubutun boko zai iya dangwala yatsa a gaban shaida, kuma ya fi kyau shaidar ya kasance wanda ba ya cikin masu aikin. Wanda yake rubutun ajami ya sa hannu da shi. A bar masa kwafi ya tafi da shi gida, da lambar wayar da zai kira idan wani abu ya taso.

Shiga gari ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa da liman daidai ne, kundin ma yana ƙarfafa tuntuɓar al'umma. Neman izinin mai gida kafin a shiga wurin iyalinsa shi ma ladabi ne da ba a tsallakewa. Amma duk wannan buɗe ƙofa ne. Amincewar da doka ke nufi ta matar ce da kanta, kuma idan mijinta ya yarda ita ta ƙi, an gama magana. Haka nan kada a yi mata tambayar ɓari ko tazarar haihuwa a tsakar gida gaban kishiya da uwar miji. Kuɗin mota ko ɗan sabulu na ɓata lokaci babu laifi, amma idan abin da za a bayar ya kai girman da talaka ba zai iya cewa a'a ba, kwamiti zai ƙi shi, kuma da gaskiyarsa.

Jini ko yawu ko wani samfur da za a fitar waje don awo a Ingila ko Amurka yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya da ta faɗi me za a aika, me za a yi da shi, da abin da zai faru da ragowar. Ita ma takardar amincewa sai ta ambaci haka. Ba a karɓar jini da sunan zazzaɓi a je a yi nazarin asalin ƙabila da shi.

Batun asali da addini ya sami ƙarin kariya a Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta sa lafiyar mutum, da ƙabilarsa, da addininsa, da bayanan ƙwayoyin halittarsa cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ka rubuta cewa ungozoma mai shekara sittin a ƙauye kaza ta ce kaza, kowa a garin ya san ta. Idan ka buga cewa cuta kaza ta yi yawa a wata unguwa ko wata zuriya da ka ambata da suna, ka iya hana 'ya'yansu aure shekaru bayan ka karɓi digirinka. A canza sunan wuri, a ajiye muryoyin da aka naɗa a inda ke da makulli ko kalmar sirri, kada a bar su a wayar da yara ke wasa da ita ko a tura su ta WhatsApp.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a fara tattara bayanai da niyyar a nemi izini daga baya. Kwamitoci ba sa ba da izini a kan aikin da aka riga aka yi, kuma mujallun kimiyya na kirki suna tambayar sunan kwamiti da lambar izini kafin su karɓi maƙala. Ɗalibin da ke da zango ɗaya na aikin fili, ya miƙa takardunsa da zarar sashensa ya amince da tsarin binciken, ya kuma lissafa wata ukun nan cikin jadawalinsa.